Robar Mai Faci

Gyara zama ki riƙe biron da kyau, amarya jikata. A'a, bar ƙofar a buɗe iska ta shigo, abin da zan faɗa ba mai ƙamshi ba ne. Yadda na faɗa haka za ki rubuta. In kika gyara mini magana zan gane, don sai kin maimaita mini tun daga farko.

Labarin ƙanena zan ba ki, wanda kuke ce wa Kaka Ƙarami, mutanen titi kuma su ce Mai Faci. Ke kin fi tuna shi a rame, da jaka a gefen ciki, yana zaune a lungu ba ya son a matso kusa. Da ba haka yake ba. Abin da ya sa na tashe ki da wannan aikin kuwa, jiya Dogo direban tifa ya zo har ɗakin nan. Ya cire takalmi, ya gaishe ni, ya sake yi mini ta'aziyyar da ya riga ya yi, sannan ya rage murya ya ce wai ko robar marigayi tana nan. Wai shi ma an yi masa aikin ciki bara, wurin ɗinkin ya fara tasowa. Wai in taimaka in ba shi, in nuna masa yadda ake ɗaurawa. Na ce masa ya dawo jibi. Kin ga gobe ke nan, don haka ki saki hannu.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na girme shi da shekara huɗu, amma tun muna yara in ka gan mu sai ka ce shi ne babba. Ƙato ne, kafaɗa kamar ƙofa, ga taurin kai. Ni na koyi walda, shi ya koyi faci, muka kafa rumfa biyu a jere a bakin titi inda manyan motoci ke tsayawa. Langa-langa ɗaya ce ta raba mu. Shekara talatin da wani abu ina jin tarinsa yana jin nawa.

Aiki kam ba zan ci amanarsa ba, ya iya. Tayar tirela da mutum uku ke kokawa da ita, shi kaɗai zai kwantar da ita, ya taka da ƙafa, ya sa ƙarfe ya ɓanɓare ta daga wili kamar mai ɓare lemo. Ya hura tiyub, ya tsoma a rabin durom ɗin nan nasa mai baƙin ruwa. Tun kafin kumfa ta taso ya san inda hujin yake. Ya goge wurin, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, ya busa da baki har ya sha iska, ya ɗora faci ya danne da wuta. Facinsa ba ya tashi. Direbobi kan wuce masu faci biyar su zo wurinsa.

Amma yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. Ba ya ɗora faci a kan faci. In ka kawo tiyub ya ga inda ya huje an taɓa facin wurin, sai ya jefar maka da shi a gaban ƙafa. "Wannan ya mutu, maigida. Wurin da aka taɓa gogewa ya riga ya yi siriri. In na ɗora wani, yau ya riƙe, gobe ya fashe maka a kan gada. Nemo sabo." Ko kuka za ka yi ba zai taɓa ba. A aikin taya gaskiyarsa ce, ni shaida ne. Ki riƙe wannan dokar a ranki, za mu dawo kanta.

Yana da hamsin da 'yan kai zazzaɓi ya kama shi, irin mai daɗewar nan. Sati biyu yana haɗiyar ƙwayoyin kemis yana aiki. Ran nan da hantsi yana buga guduma, sai na ji shiru. Na leƙa, ga shi a zaune a ƙasa ya rungume ciki, cikin ya yi tauri kamar katako. Muka kai shi asibiti, aka ce hanji ne ya huje, ƙazanta ta zube a ciki, in ba a buɗe yanzu ba sai dai a ɗauki gawa. Likitar mace ce, 'yar guntuwa mai gilashi, muryarta ko fita ba ta yi sosai. Ita ta tsaga shi tun daga ƙarƙashin ƙirji har ƙasan cibiya, ta wanke, ta ɗinke. Ta ceci ransa. Ki rubuta wannan da kyau, ba ni da ƙorafi a kanta ko ɗaya. Ɗinkin ya yi ruwa, ya tara mugunya, aka warware ƙasan ana wankewa kullum, sai da ya yi wata guda kafin ya haɗe.

Ran da za a sallame shi ta zaunar da mu uku, ni da shi da matarsa Uwar Biyu. Ta ce, "Baba, cikin da aka taɓa buɗewa ba ya komawa yadda yake. Abu biyu nake ji maka tsoro, kuma ba lallai yau ko gobe ba, har bayan shekaru. Hanji yakan liƙe da juna a inda aka taɓa shi, wata rana ya naɗe, abinci ya kasa wucewa. Sannan wurin ɗinkin nan, fata za ta haɗe a sama, amma naman da ke ƙasa yana iya buɗewa, hanji ya turo. Wata uku kar ka ɗaga abin da ya fi buta nauyi. In ka ga kumburi a kan tabon, ko ciki ya murɗa da amai, ka zo. Kar ka jira."

Ya ce, "To, likita." Irin "to" ɗin da yake ce wa Uwar Biyu in ta ce ya rage sigari.

Sati uku ya yi a gida. Na huɗu sai ga shi a rumfa, wai kallo ya zo, zaman ɗaki ya ishe shi. Ya zauna a kan benci yana duban taya kamar mai azumi yana duban ruwa. Sai ga Dogon nan, shi ɗin dai, ya tsaya da tifarsa taya ta sace. Ya sauko yana dariya.

"Mai Faci! Ashe da ranka? An ce mini wata 'yar yarinya ta kwantar da kai ta juye maka kayan ciki."

"Ta juye ta mayar, ba abin da ya ɓata."

"To ni dai bari in ƙarasa wurin yaron can na gaba. Ba na son in ɗauki alhakin mai jego."

Mai jego! Ai tun kafin ya rufe baki ƙanena ya miƙe ya cire riga. Na ce, "Kai, buta aka ce!" Ya ce, "Yaya, yi waldarka." Ya kwantar da tayar tifa, ya taka, ya ɓanɓare. Mutanen da ke wurin mai shayi suka yi ta tafi. Ni ma, ba zan ɓoye miki ba, raina ya yi daɗi da na ga ƙarfinsa na nan.

Bai kai wata shida ba abu ya fito a kan tabon, sama da cibiya kaɗan. Da farko kamar ƙwai. In ya yi tari sai ya yi tsalle. In ya kwanta ya danna da yatsa sai ya koma ciki da wata ƙara, ƙululu, kamar ruwa na shiga kwalba. Kafin shekara ya zama kamar lemo. Uwar Biyu ta zo rumfata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Yaya, kai kaɗai yake jin maganarka. Ka kai shi." Ni ma ba ya jin tawa, amma na tasa shi gaba muka je.

Likitar ta kwantar da shi, ta sa ya yi tari, ta tura yatsu biyu a wurin har suka nutse. Ta ce abin da ta faɗa ne ya faru, naman ƙasa ya buɗe, irin ƙaba ce amma ta wurin ɗinki. Ta ce yanzu yana ƙarami gyaransa da sauƙi. Za ta sake buɗewa, ta mayar da hanji, ta shimfiɗa wata raga a ƙarƙashi ta ɗinke, naman ya tsiro ya kama ragar.

Ya tashi zaune yana ɓalla maɓallin riga. Ya ce, "Likita, a ina za ki yanka?"

"A kan tsohon wurin."

"Inda kika taɓa yankawa kika ɗinke?"

"Nan ɗin."

Ya juyo ya dube ni, ya yi wani murmushi da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Ya ce, "Yaya, ka ji? Faci a kan faci."

Ta ce, "Baba, mutum ba tiyub ba ne. Roba ba ta tsiro, nama yana tsiro."

"To ki rantse mini ba zai sake buɗewa ba."

Da ta yi masa ƙarya! Wallahi da ta ce masa har abada ba zai buɗe ba, da ya kwanta a ranar. Amma ita ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ba za ta rantse ba. Yawanci yana riƙewa, wasu kuma ya sake buɗe musu, kuma duk buɗe ciki yana ƙara liƙewar hanji. Amma in aka bar shi, ramin zai yi ta faɗi, wata rana hanji ya fito ya maƙale ya kasa komawa, jini ya daina kai masa, ya ruɓe.

Shi bai ji rabin ƙarshe ba. Rabin farko kawai ya ɗauka ya sa a aljihu. Muna fita ya ce, "Ka gani? Ita ma da bakinta ta ce ba ya zama." Kar wani ya ce miki rashi ne ya hana shi, ko tsoron wuƙa. Ba ko ɗaya. Dokar rumfarsa ya ɗauko ya ɗora wa cikinsa.

To kin san masu baro da masu keke, in tayarsu ta tsage a gefe ta yi ƙulu, ba sa jefarwa. Sai su yanko tsohon tiyub su nannaɗe wurin tam, su ci gaba da tafiya. Wannan dabarar ya yi wa kansa. Ya samo tiyub na tirela, mai kauri, ya yanka shi dogo, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, tsawonsa ya zaga shi sau uku. Guda biyu ya yanka, yana canzawa. Ya yanko wani kewayayye daga gefen taya, kamar murfin kwano, wanda zai danne ƙulun. Sai dai ba ya ɗauruwa da mutum ɗaya. Sai ya kwanta a kan benci ya tura abin ciki da babban yatsa, ya ɗora murfin, ya miƙe yana riƙe da numfashi, wani ya ja robar da ƙarfi yana zagawa, a cusa bakin a ƙarƙashi.

Wa kike zaton yake ja? Kar ki dube ni haka, rubuta. Ni ne. Kullum da safe kafin in kunna injin walda. Shekara tara.

Ran farko na ce na kwana biyu ne, zai gaji ya koma asibiti. Bai gaji ba. Ki yi tunanin baƙar roba a kan fatar mutum, a rana, yana aikin ƙarfi tun safe har la'asar. Gumi ba ya fita. In aka kwance da yamma sai ruwa ya zubo daga ƙarƙashi, fatar ta yi fari ta yamutse kamar ƙafar mai wanki. Wari kuwa, ban san da me zan kwatanta miki ba. Ki haɗa ƙonanniyar roba da tsumman da ya kwana a jiƙe da naman da aka manta a leda. Daga baya ƙuraje suka fito, suka fashe, suka zama gyambo a inda bakin robar ke cizo. Sai ya barbaɗa hodar da ake sa wa tiyub don kar ya liƙe da taya, wai tana busar da wuri. Hodar ta haɗu da ruwan gyambo ta zama kamar kunu. Ni nake ɗora roba a kan wannan da hannuna, in je in wanke da sabulu sau uku, amma in na ɗauki burodi sai in ji shi a yatsuna.

Ina za ki? Zauna. Ke da ji kawai kike yi. Sha ruwa ki dawo, ragguwar amarya, da ni za a kai ki gidan wani ki ba ni kunya.

Abin da ya fi warin ƙona mini rai shi ne mutane. Ya zama abin kallo. Direba zai tsaya ya ce, "Mai Faci, ɗaga riga baƙona ya gani." Ya ɗaga, ya buga cikin da tafin hannu ya yi ƙara kamar taya mai iska, a fashe da dariya. "Kai, wannan ya fi likita!" "Asibiti sun yi asarar kwastoma!" Shi kuwa sai ya ƙara buɗe kafaɗa. Ba wanda ya taɓa tsayawa lokacin kwancewa. Suna ganin robar daga waje, baƙa sumul, su tafi. Ni da Uwar Biyu muka san abin da ke ƙarƙashi. Ita ce mai wanke zanin gado. Har ta raba musu shimfiɗa, shi kuma ya riƙa ce wa mutane wai tsufa ne ya sa ta fushi.

Ɗaya abin da likitar ta faɗa, shi ma bai bar shi ba. Duk bayan 'yan watanni sai ciki ya murɗa masa, ya kumbura, kwana biyu ba bayan gida ba tusa, yana kwance a bayan rumfa yana nishi kamar sa. Sai a rana ta uku abu ya saki da kansa, ya fito yana dariya wai iska ce ta taru, ya sace ta. Kowane karo na ce mu je, ya ce ai ya wuce. Ƙulun kuwa yana ta girma a ƙarƙashin roba. Daga lemo ya koma kamar kan jariri. Murfin farko ya yi masa kaɗan, ya yanko babba.

Na taɓa yin zuciya sau ɗaya. A shekara ta biyar ne. Na ce, "Daga yau hannuna ba zai ƙara taɓa wannan ƙazantar ba. Ko ka koma wurin matar nan, ko ka nemi mai ja maka."

Ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Allah ya huta gajiya."

Ya ɗaura bakin robar a jikin ƙarfen rumfa, ya ja da baya har ta miƙe, ya fara juyi yana nannaɗe kansa kamar akuyar da ta sarƙe da igiya. Robar ta suɓuce ta zabge shi a fuska. Ya sake. Ta sake suɓucewa, ya faɗi a kan gwiwa, ƙulun ya zazzago waje yana lilo. Mutanen wurin mai shayi suna kallo. Wani ya ce, "Haba Mai Walda, ɗan'uwanka ne fa. Wannan wane irin rashin imani ne?" Kunya ta kama ni. Na ajiye abin da ke hannuna na je na ja masa. Kin ga inda na faɗi. Da na daure wa kunyar safiya ɗaya, ko ta sati ɗaya, da dole ya koma asibiti don ba zai iya aiki ba. Amma na fi jin tsoron bakin masu shan shayi a kan hanjin ƙanena.

Ranar da abin ya faru Talata ce, da safe. Ya zo a makare, fuskarsa ta yi toka-toka. Ya kwanta a benci ya danna, abin ya ƙi komawa. Ya sake dannawa da hannu biyu. Babu ƙululu. Na taɓa, ya yi tauri kamar dutse, ga zafi, fatar wurin ta yi ja ta yi sheƙi.

Na ce, "Wannan shi ne wanda ta faɗa. Tashi mu tafi."

Ya ce, "Iska ce. Ɗora murfin ka ja, matsi zai mayar da shi."

"Ba zan ja ba."

"Yaya, mota uku na jirana. Ja mana! Ko tsufa ya cinye hannun?"

Na ja. Ki rubuta. Na sa ƙafa a ƙugunsa na ja fiye da yadda na taɓa ja, har ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya miƙe yana gumi ya ce, "Yauwa." Ya yi taya ɗaya. A ta biyu ya fara amai. Na farko shayi ne. Na biyu kore. Kafin azahar abin da ke fitowa ta bakinsa, ki yi haƙuri, kashi ne, launinsa da warinsa. Hanya ta toshe a ƙasa, abu ya juyo sama. Ya cika rabin durom ɗin da yake gwada tiyub. Masu tafin nan duk suka toshe hanci suka ja da baya. Dogo ne ya ɗauke mu a gaban tifarsa, kansa a waje ta taga har muka isa.

A asibiti nas ta ɗaga rigarsa ta tsaya. Ta ce, "Mene ne wannan?" Ta kawo almakashi, ya ƙi ci, sai da aka kawo babba. Da robar ta tsinke ta yi tsalle ta bugi bango, ta tafi da fata a jikinta. Wata ƙaramar nas ta fita da gudu hannu a baki. Aka kira likita, sai ga ta, ita ɗin dai, gashinta ya fara fari a gefen ɗankwali. Ta dubi tabon ta ce, "Wannan ɗinkina ne." Ta dubi gyambon da ya zaga shi kamar ɗamara. Ta ɗauki guntun robar da yatsu biyu.

"Mutum ba zai iya ɗaura wa kansa wannan ba. Wa yake ɗaura masa?"

Na ce, "Ni ne."

"Yau ma?"

"Yau ma."

Ta dube ni ta saman gilashi. Ta juya ta ce a shiga da shi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai bayan la'asar ta fito. Ta kira ni da Uwar Biyu ta nuna mana a cikin kwanon silba. Hanji ne, ya kai kamu biyu, baƙi ƙirin, ya yi laushi, ba ka bambanta shi da tsohon tiyub. Ta ce wannan ya mutu, ta yanke. Sauran kuma ta same shi a liƙe da juna kamar taliyar da ta kwana a tukunya, da ƙyar ta raba. Cikin ya ƙazantu, ba za ta iya haɗa bakin biyu yanzu ba, don haka ta fito da bakin hanji ta gefen ciki, za a manna jaka. Ragar da ta so sa masa shekara tara da suka wuce kuwa, yanzu ba inda za ta zauna, don roba ta cinye fatar. Ta ce in ya yi ƙarfi wata rana a mayar masa da hanya.

Bai yi ƙarfin ba. Shekara ɗaya da rabi ya yi da jakar nan, ita ce kika sani. Abinci ba ya zama a jikinsa, ƙaton nan ya koma kamar sanda. Jakar ana manna ta ne da gam nata, amma fatar wurin duk tabon gyambo ce, ba ta kamawa. Yana zaune cikin mutane sai ta ɓalle ta zubo masa a cinya. Mutumin da facinsa bai taɓa tashi ba a taya! Ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a ƙofar gida. Ran nan na shiga na same shi da gwangwanin sholisho a hannu, yana shirin shafa wa fatarsa. Na fizge na wurga shi bayan katanga. Ya yi ta zagina har ya gaji. Can ya ce, "Yaya, da ragar nan ta riƙe?"

Na ce, "Ban sani ba. Ita ma ta ce ba ta sani ba. Amma wannan jakar dai ga ta kana gani."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu.

A wurin zaman gaisuwa ne na ƙarasa ƙoshi da mutane. Ina zaune ana ta yabo. "Namijin duniya ne." "Likita ta ce a yanka ya ce a'a, ya yi shekara tara da dabararsa." "Ai da ba su sake taɓa shi ba da yana nan, aikin na biyu ne ya kashe shi." Mutanen da suka toshe hanci suka gudu ranar Talata su ne masu wannan maganar. Na tashi na zaga bayan gida na tofar da yawu. Yanzu kuma ga Dogo, wanda da hancinsa ya ji warin a cikin motarsa, ya zo neman gado. Wai ai shekara tara ta riƙe marigayi.

Robar ta biyu tana nan. Uwar Biyu ta jefar a shara, na tsince ta, ban san dalili ba. Duba bayan ƙofa, cikin buhun nan da ke rataye. Sauko da shi. Kwance bakin. To, to, ya isa, ɗaure! Kin ji ko? Shekara biyu ke nan ba ta taɓa jikin mutum ba.

Gobe in Dogo ya zo, zan zaunar da shi a nan inda kike, in ɗora masa ita a kan cinya a buɗe. Ke kuma ki karanta masa wannan tun daga farko, da ƙarfi, kar ki tsallake wurin aman, kar ki tsallake inda ya ce mai jego. In ya gama ji ya ce a raka shi asibiti, ni da sandata zan raka shi. In kuma har yanzu robar yake so, ya ɗauka, tasa ce. Amma ya nemi mai ja masa. Ajiye biron ki je ki wanke hannu.